Yadda Na Kori Dokta Salifu da Lemon Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da wannan yini ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Yanzu tsufa ya kama ni, sunan jika ma sai na kira uku kafin in faɗa kan wanda nake nufi, amma wannan abu ɗaya ya ƙi gogewa. Na ba da labarin a wuraren hira an yi dariya, ni ma na taya su, don in ba ka yi wa kanka dariya ba wani zai yi maka ita da ƙari. Amma gaskiyar magana, ba labarin dariya ba ne sosai.

Lokacin ƙasar nan sunanta Dahome, ba a daɗe da karɓar mulki daga hannun Faransa ba, sojoji kuma sun fara sabonsu na tashi da safe su canza mana gwamnati. Ni malamin kimiyya ne a wata kwaleji a Paraku, ina haya a unguwar Titiru da matata Azumi. Ɗalibai suna ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci, ni kuma ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro iskar da suke shaƙa. Ina da biro uku a aljihun gaba da tabarau wanda ba na magani ba (idona garau yake, kwarjini kawai nake nema). Kimiyyata kuwa duk a allo take. Zan zana maka yadda ake haɗa sinadari da sinadari da alli mai launi har ka yi sha'awa, amma ban taɓa haɗa su da hannuna ba.

Mai kimiyyar gaske a danginmu shi ne Yaya Salifu, ɗan wan mahaifina. Gida ɗaya muka tashi a Jugu, a unguwar 'yan goro. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar Gwanja, suka yada zango a Jugu, zangon ya zama gida. Tare muka yi karatun allo da Salifu, tare aka kai mu lekol, wato makarantar boko, amma nan kamarmu ta tsaya. Shi in malami ya fara tambaya yakan san ƙarshenta, ni kuwa sai an gama an maimaita. Ya ci jarrabawa aka ba shi gurbin karatu, ya wuce Dakar, daga can ya haye Faransa, ya zama Dokta mai binciken wasu ƙananan halittu da ke shiga jinin mutum su sa shi ciwo. Muna jin labari sunansa yana fitowa a mujallun masana, ana gayyatarsa ƙasashe ya yi bayani. A gida ba wanda ya gane aikin. Mata in an tambaye su sai su ce, “Likita ne, amma ba ya allura.”

Wanda abin ya fi ci shi ne mahaifinsa, Baba Mumuni. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin goro, idonsa ya fara dushewa, kuma Salifu ne kaɗai ɗansa namiji. Shi a wurinsa tafiya fatauci ce: ka je, ka yi lodi, ka juyo kafin ruwa ya sauka. Tafiyar da ba a juyowa bai san sunanta ba. Da labari ya zo cewa Salifu zai zo hutu, sai ya aika aka kira ni Jugu. Na same shi a zaure, ya laluba hannuna ya riƙe.

“Kai ka san yarensu na 'yan lekol,” in ji shi. “Ni in na yi magana sai ya ce to Baba, ya tafi abinsa. Ka riƙe mini shi. Ba dukiyarsa nake so ba. Ina so ran da na mutu, shi zai shiga rami ya karɓe ni.”

Mutum mai hankali da sai ya ce zai gwada, Allah ya dafa. Ni sai na bugi ƙirji. Na ce, “Baba, ka ɗauka an gama. In Yaya ya koma Faransa, kayansa zai je kwasowa.” Tsohon ya fasa goro gida biyu, ya ba ni ɓari ya ci ɓari. A gidanmu in aka yi haka magana ta ɗauru ke nan.

Ranar da zai iso na je tashar jirgin ƙasa da kwat da lakataye, a tsakiyar bazara, gumi na bin bayana har cikin takalmi. Ina ta leƙen wanda zai sauko da kwat irin tawa, sai ga wani siriri da riga mai gajeren hannu da takalmin fata sau-ciki, rungume da wani akwatin katako kamar mai ɗauke da jariri. Shi ne. Furfura ta fara masa a gefe. Muka rungumi juna, ya tambayi Baba, ya tambayi Azumi, tambaya ta uku kuma ita ce, “Ƙanena, akwai firiji a makarantarku?”

Akwai kuwa. Wani malami Bafaranshe ya bar mana shi a ɗakin gwaje-gwaje, wanda muke kira labo. Firiji ne mai aiki da kananzir, yana da lagwani a ƙasa kamar fitila, don wutar lantarkin garin ba abin dogaro ba ce. Ban da shi, abin da ke cikin labon bai wuce kwalabe masu suna a jiki ba komai a ciki, da hoton ƙwarangwal a bango. Amma na buɗe masa ƙofa da alfahari kamar mai nuna sabuwar amarya. Bai kalli kwalaben ba. Ya durƙusa ya duba lagwani, ya sa hannu ciki ya ji sanyi, sai na ga fuskarsa ta saki.

Da yamma a barandar gidana ya faɗa mini abin da ke ransa, kuma ashe ban ma buƙaci wa'azin da na shirya ba. Ya ce ya gaji. Ya gaji da sanyi, ya gaji da yin salla shi kaɗai a ɗaki, ya gaji da binciken ciwon mutanenmu da jinin da ake aika masa a jirgin sama, bai taɓa ganin fuskar mai jinin ba. Abin da ya zo gwadawa shi ne ya shiga ƙauyukan Jugu ya ɗebi jini, ya adana shi cikin sanyi a nan Paraku, ya yi binciken a nan da madubinsa na ganin ƙananan halittu da sinadaran da ya zo da su cikin akwatin nan. In abin ya yiwu, zai koma ya nuna wa manyansa cewa ana iya buɗe ƙaramin wurin bincike a arewacin Dahome. Sai ya riƙa raba shekara, rabi can rabi nan, har ya zauna gaba ɗaya.

“Amma kar ka gaya wa Baba tukuna,” ya ce. “Ba na so in sa masa rai a abin da bai tabbata ba.”

Na ce bakina alekum. Kafin mako ya zagayo Baba ya sani, limamin unguwa ya sani, masu sayar da goro a kasuwar Jugu sun sani, kuma a yadda na ba da labarin ni ne na shawo kansa da hujjoji. (Azumi ta ce mini, “Malam, bakin nan naka wata rana sai ya yanka maka wuya.” Na ce mata mata ba su san siyasa ba.)

Sai ya shiga aiki. Ban taɓa ganin mutum yana aiki haka ba. Ya yi makonni yana zagaya ƙauyukan Barienu, a kewayen Jugu, a bayan babur, kuma ba ƙaramar wahala ya sha ba, don wa zai miƙa wa baƙo hannu ya zuƙi jininsa? Aka ce sayarwa zai yi, aka ce tsafi ne. Sai da ya zauna da masu gari ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki wani malamin allo abokin Baba ya riƙa bin sa yana shaida cewa ɗan gidan Mumuni ne, ba zai cuce su ba. Ya duba yaransu kyauta, ya ci abin da suka ci, ya fara tsaga nasa hannun a gabansu. Kaɗan-kaɗan suka yarda. Duk 'yan kwanaki sai ya shigo motar Jugu da jinin a wasu 'yan kwalabe sirara kamar yatsa, kowace da alamarta, ya jera su a firiji ya koma.

Ni aka ba amanar firijin. Umarnin ba shi da wuya: kada lagwani ya mutu, kada a buɗe ƙofa ba dalili, kada kwalaben su fita daga sanyi ko da me. Kuma a yi mini adalci, na riƙe amanar da kyau. Na rataya mabuɗin labo a wuyana. Ina gyara lagwani safe da yamma, kananzir in ya yi ƙasa na gidana nake ɗebowa. A raina na riga na ga sunana a mujallar nan tasu, ko da a can ƙasa da ƙananan haruffa.

To, da aiki ya kusa ƙarewa sai shaiɗan ya kawo mini shawara. Na ce mutum kamar wannan, ya zo ƙasarsu ba wanda ya yi masa ko tafi? In muna so ya zauna ai sai ya ga ana ji da shi. Na sami Direkta, shugaban makarantarmu, mutum mai son taro kamar ransa, na ce a shirya wa Dokta liyafa. Ya yi tsalle ya karɓa. Aka gayyaci Kumandan (haka muke kiran mai mulkin gari har bayan Turawa sun tafi), da likitan gari, da manyan 'yan kasuwa, da limamai. Aka sa ranar da Salifu zai dawo daga Jugu da kason jini na ƙarshe, don washegari zai fara binciken. Ni zan yi jawabin maraba, na kwana biyu ina haddace shi a gaban Azumi har ta fara gyara mini in na yi tsallake.

Ranar da hantsi aka sauke akwatunan lemon kwalba a makaranta. Rana ta riga ta fara gashi. Wanda aka aika neman ƙanƙara ya dawo hannu rabbana, ya ce injin mai ƙanƙarar ya lalace, babu ko ɗan dunƙule a garin. Direkta ya taɓa kwalba ɗaya ya janye hannu kamar ya taɓa tukunya.

“Ce n'est pas possible,” ya ce da Faransanci, wato ba zai yiwu ba. “Mushe, Kumandan za mu miƙa wa wannan? Mutumin da ya zo daga Faransa, shayi za mu ba shi a kwalba? Ai sai ya ce ƙauye ya dawo.” Sai idonsa ya sauka kan mabuɗin da ke wuyana.

Ina so in ce na yi gardama sosai, amma ƙarya ba ta da amfani a shekaruna. Na ce, “Kayan Dokta ne a ciki.” Ya ce, “Don wa ake liyafar? Ba don Doktan ba?” Kuma wallahi maganar ta shige ni. A gidan da na tashi, baƙo ya sauka ka miƙa masa ruwa mai ɗumi abin kunya ne da za a yi ta faɗa. Sai na tsaya na yi tunani irin na malamin kimiyya, kuma ga tunanin, ku riƙe shi da kyau: jini ai a jikin mutum ma da zafinsa yake. Abin da ya rayu cikin zafi tun da aka haifi mai shi, me ɗan ɗumin rabin yini zai yi masa? Na ji daɗin hujjar nan har na yi mamakin yadda Salifu da duk karatunsa bai lura ba.

Na fitar da kwalaben a hankali, na jera su a kan dakalin taga inda iska ke shigowa. Kuma don kada a ce ban yi hattara ba, sai na yi musu abin da na ga ana yi wa kaya mai daraja tun ina yaro. Goro in ana so ya yi tafiya bai bushe ba, lulluɓe shi ake yi a yayyafa ruwa. Na samo tsumma na jiƙa sharkaf, na rufe su ruf, na ƙara yayyafi, na ja baya na duba aikina na gamsu. Muka cusa lemo a firiji har ƙofa na rufuwa da ƙyar, Direkta ya ƙara da wani ƙullin nama nasa. Niyyata kafin motar Jugu ta iso in mayar da komai, ba wanda zai sani.

Abu biyu na manta. Na manta tagar nan yamma take kallo, kuma rana ba a wuri ɗaya take tsayawa ba (ni da nake koyar da wannan a aji). Na kuma manta da kaina, don tun da aka fara jera kujeru ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro hankalina ya koma kan wa zai zauna kusa da wa, da kuma jawabina.

Bayan la'asar taro ya cika. Salifu ya sauko daga mota kai tsaye, jajawur da ƙurar hanya, da akwatinsa a hannu. Bai san da liyafar ba, mun so ya zama ba-zata. Ya nufi labo, Direkta ya tare shi ya ja shi kujerar gaba, ɗalibai suka fara waƙa. Ya zauna da akwatin a cinya yana murmushin mutumin da aka kama.

Na miƙe na yi jawabi, da Faransanci sannan da Hausa. Na yi kyau, ba yabon kai ba. Na ce 'ya'yanmu masu ƙwaƙwalwa suna can suna haskaka gidan wasu, namu gidan yana duhu. Na ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na ɗaga yatsa na ce, “Me Faransa take da shi wanda ba mu da shi? Muna da ɗakin bincike, muna da kayan aiki, muna da mutane masu riƙon amana!” Aka yi tafi har Kumandan ya gyaɗa kai. Daidai nan aka fito da lemo a faranti, kwalabe suna raɓa, sanyi na tashi daga jikinsu.

Aka miƙa wa Salifu ta farko. Mutum ne da ya wuni a mota cikin rana. Ya kafa kai ya sha rabi, ya lumshe ido, ya ce alhamdu lillahi. Zuciyata ta yi fari, na ce aiki ya yi. Sai ya buɗe ido ya kalli kwalbar, ya shafa raɓar da yatsa, ya juyo gare ni.

“Ƙanena, ina kuka sami ƙanƙara a garin nan?”

Kafin in haɗa ƙarya Direkta ya riga ni, da murya mai ƙarfi don kowa ya ji. “Ba ƙanƙara ba ce, Dokta! Firijinmu ne na labo. Mushe ne ya yi dabara.”

Ban san yadda zan kwatanta muku fuskarsa ba. Bai ɓata rai ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kwalbar a ƙasa a hankali, ya miƙe da akwatinsa ya nufi labo. Manyan baƙi suka ɗauka zagayen gani da ido ne a cikin tsarin taro, sai suka miƙe suka bi shi, kowa da lemonsa a hannu, Kumandan a gaba. Ni ne na ƙarshe, kuma dole aka buɗa mini hanya na wuce gaba, don mabuɗin yana wuyana.

Ɗakin kamar tanda, kwano ya sha rana tun safe. Hasken yamma ya shigo ta tagar ya kwanta daidai kan dakalin. Tsumman da na jiƙa ya bushe ƙayau har ya sandare. Salifu ya ɗaga shi. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya taɓa ta a kumatunsa, ya ɗaga ta wajen haske. Jinin ya yi baƙi-baƙi, ya tsinke. Ya ajiye, ya ɗauki wata, ya ajiye, ya ɗauki wata. Ba wanda ya yi tari.

“Tun yaushe?” ya tambaya.

Na ce, “Tun hantsi, Yaya.”

Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma shirun ya yi mini nauyi, sai na buɗe baki na fara kare kaina, a gaban Kumandan da limamai da ɗalibaina da ke leƙe ta ƙofa. Na yi bayanin cewa jini a jiki ma da zafinsa yake. Na yi bayanin yadda muke yi wa goro. Ina cikin bayanin ina jin muryata tana sirancewa, amma na kasa tsayawa. Likitan gari ya kau da kai yana kallon hoton ƙwarangwal. Wani Alhaji mai goro, don ya taimake ni, ya ce ai da ganye aka sa ba tsumma ba, da ya fi riƙe danshi.

Salifu ya buɗe firijin. Ga sauran lemo a jere, ga ƙullin naman Direkta. Na yi wuf zan fara kwashewa don ya sami wurin sa kason jinin da ke hannunsa, sai ya dafa kafaɗata.

“Bar su,” ya ce. “Baƙi ba su gama sha ba.”

Na sha zagi a rayuwata, amma ba abin da ya taɓa ƙona ni kamar wannan. Baƙin suka fara sulalewa ɗaya-ɗaya, kowa yana ajiye kwalbarsa a inda ba za a gani ba. Da na koma gida Azumi ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki, kuma ban iya ci ba.

Ba yadda za a sake. Abin da ya rage a akwatinsa bai isa komai ba, hutunsa ya ƙare, hadari ya fara haɗuwa, hanyoyin ƙauye za su yanke. Kuma ko da lokaci, da wane baki zai koma Barienu ya ce wa mutanen da suka miƙa masa hannu su sake, na farko an ba lemo wuri? Ya je Jugu ya yi sallama da Baba, ya dawo. Na raka shi tasha, wannan karon ba kwat. Muna jiran jirgi na ce ya yafe mini, na ce ya zage ni ko ya mare ni, zai fi mini sauƙi.

Ya ce, “Na yafe maka tun a ɗakin. Kuma kar ka ɗora wa kanka duka. In ba kai ba, da kananzir ne zai yanke, ko mota ta kwana a hanya. Can inda nake, ba wai na fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne. Firijin yana da mutumin da aikinsa ke nan, kuma ba wanda zai zo ya ce masa Kumandan na jin ƙishi. In na rasa gane abu, ɗaki na gaba akwai wanda zan yi gardama da shi. Abin da wani ya gano a wata ƙasa yana iso mini kafin ya tsufa. Abin da nake gamawa can a shekara, nan sai in tsufa ban gama ba.” Sannan ya ce, “Na san in na dawo za ku girmama ni. Za a ba ni ofis da mota, a riƙa kira na taro ina jawabi. Shi ne abin da nake tsoro.”

Na so ya ce laifina ne ni kaɗai, don laifin mutum ɗaya ana iya gyara shi. Jirgi ya zo ya shiga, ya ɗaga mini hannu ta taga.

Saura Baba. Na yi ta ja da baya har kunya ta ishe ni, na hau mota na je Jugu. Labari ya riga ni, kamar kullum. Na durƙusa a zaure na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

“An ce ka yayyafa musu ruwa,” ya ce.

Na ce, “Na yayyafa, Baba.”

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. “To, ka yi abin da ka gada.” Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, “Kakana ma da ya zauna a nan, yana da uba a can inda ya fito. Ban taɓa tambayar wa ya binne shi ba. Madugu ba ya yada zango inda babu ruwa, ɗana. Tashi ka shiga ciki ka ci abinci.” Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya, kuma bai sake tambayata yaushe Salifu zai zo ba.

Salifu ya ci gaba da aikinsa, sunansa ya ƙara girma, muna jin labari daga nesa. Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Aka buga wa Salifu waya, amma gawa ba ta jiran jirgin sama, sai bayan an share makoki ya iso. A maƙabarta, da aka sauke makara aka ce ɗansa ya shiga ya karɓe shi, sai aka tsaya ana kallon juna. Limam ya waiwayo ya ce, “Malamin lekol, kai ne na kusa.” Na tuɓe takalmi na shiga. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma sai da aka tallafa mini.

Yanzu in na ji a rediyo ana kukan cewa Turawa sun kwashe mana masana, nakan gyaɗa kai tare da kowa, don akwai gaskiya a ciki. Amma ba na sa baki. Na san aƙalla guda ɗaya da ya kawo kansa har gida da ƙafarsa yana neman dalilin zama, muka tarbe shi da tafi da jawabi. Abin da na koya, kuma na koye shi da tsada, shi ne in Allah ya haɗa ka da mai ilimi, ka tambaye shi abin da aikinsa yake bukata kafin ka tambaye shi abin da zai sha. Ni dai tun daga ranar, duk baƙon da ya sauka gidana, ko daga ina ya fito, ruwan randa yake samu.